Gonar Hayin Rafi

Ina shekara ta biyu a jami'a lokacin da Baba ya zo Doha a cire masa yanar ido. Yayata ce ta kawo shi. Ita nas ce, ta daɗe tana aiki a nan, kuma a gidanta na Mu'aither nake zaune tun da na zo karatu. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku. Na bar wa Baba ɗakina, na kwashe littattafaina na jera su a ƙarƙashin teburin cin abinci.

Baba manomi ne. Citta yake nomawa da masara da dawa a wani ƙaramin gari na kudancin Kaduna. Ya yi shekaru yana katikis tun kafin cocinmu ya samu Fada na kansa. Shi ke koya wa yara addu'o'i, shi ke jan ibada ranar Lahadin da Fada bai zo ba, shi ke tsayawa a bakin kabari. Daga baya aka naɗa shi mai unguwa. Gajere ne, tafin hannunsa kamar ɓawon itace, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko ga akuyar da ta shiga rumbu.

A garinmu har yanzu ana gayya. Da ruwan farko ya sauka, maza su haɗu da garmunansu su yi wa mutum huɗa a yini ɗaya, gobe su koma gonar wani. Idan gonakin ƙanana ne, a yi biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Mai gona abinci kawai yake bayarwa: kunu, tuwo, da burkutu ga masu sha. Baba ne ke faɗin wa za a fara yi wa da wanda zai biyo baya. Ba ya rubutawa. Bayan ibadar Misa yake tsayawa a gindin mangwaron coci ya jero su da ka, Musulmin unguwar ƙasa su ma su zo su ji nasu. Ba a gayya ranar Lahadi, ba a yi ranar Juma'a. Ni duk wannan a labari na fi saninsa. Tun ina shekara goma nake makarantar kwana, gida sai hutun Kirsimeti, lokacin da an riga an kai amfani rumbu.

Doha ba ta firgita Baba ba. Kallonta yake yi kamar gonar maƙwabci. Ranar Juma'a muka kai shi Misa, don a nan ita ce ranar hutu. Cocin yana bayan gari, ba gicciye a samansa, ba ƙararrawa. Ya bi layin 'yan Indiya da 'yan Filifin ya karɓi jibin Ubangiji, da muka fito ya tambayi Yaya wa ke kiran mutane idan ba a kaɗa ƙararrawa. Ta ce waya. Ya jinjina kai. A kasuwar Asian Town kuwa ya ɗauki wata ƙatuwar citta mai sheƙi, ya ɓantare gefenta da farce ya shinshina.

"Wannan ruwa ne ya sa rigar citta," ya ce, ya ajiye ta a hankali kada mai shago ya ji haushi.

An shirya zai koma gida kafin damina. Amma ido na biyu ya ja lokaci, likita ya ce sai ya ƙara mako uku: ba sunkuyawa, ba ɗaukar kaya, ba shiga ƙura. Yana zaune a falo da baƙin gilashi wata ranar Alhamis sai ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya bugo waya ya ce ruwa ya sauka, kuma ƙasa ta jiƙa har tsawon hannu.

Baba ya ajiye wayar. Can ya ce in ɗauko takarda.

Gona goma sha biyu ya jero mini, ina rubutawa. Ta farko ita ce gonar matar marigayi maƙerin garinmu, wadda ke hayin rafi. Dattijuwa ce, tana riƙe da jikoki uku, kuma duk damina takan ƙaura can ta zauna a bukkar da mijinta ya gina. Daga ita sai ya dawo gabas, ya tsallaka yamma, ya sake komawa gabas. A rana ta uku ma ya haɗa gonaki biyu da ke da tafiyar kusan awa guda tsakaninsu. Da ya gama ya ce in tura wa Baba Ƙarami ya karanta ranar Lahadi, ya shiga ɗaki ya kwanta, don maganin idon yana sa shi barci.

Abin da nake karantawa a jami'a shi ne tsara hanyoyin sufuri da jigilar kaya. A zangon nan ba abin da muke yi sai neman gajeriyar hanya tsakanin wurare. Na dubi takardar, na ga wahalar banza. Na buɗe kwamfuta, na nemo taswirar garinmu, irin hoton nan da ake ɗauka daga sama. Na san gonakin, na sa wa kowace alama. Na haɗa maƙwabta a yini ɗaya, na faro daga na bakin gari zuwa na nesa, don a gama da yawa tun ƙasa na da laushi. Gonar hayi ita ce mafi nisa, kuma ita kaɗai za ta cinye yini, sai na mayar da ita ƙarshe. A hoton, rafin wani siririn zare ne na farin yashi.

Na duba sau uku. Ba Lahadi, ba Juma'a, ba wanda na manta. Na rage kwana ɗaya cur. Ban tambayi Baba ba. Ni mai nauyin baki ce, tambaya tana yi mini wuya ko a aji, kuma gaskiya ina so ya koma gida ya tarar an gama da wuri ya yi mamaki. Na tura, na rubuta a sama: ga jerin da Baba ya bayar.

Ranar Litinin da la'asar na dawo daga makaranta na tarar Yaya tana ɗiga masa magani a ido kafin ta fita aiki. Baba Ƙarami ya turo saƙon murya daga wurin gayya. Yaya ta kunna. Ana jin ganga, ana jin maza suna amsa waƙa, ana jin garmuna suna faɗa wa ƙasa tare. Baba yana murmushi. Sai murmushin ya tsaya.

"Sake kunnawa."

Ta sake.

"Ina jin injin niƙa."

"To sai me, Baba? Yalla, maza ɗaga kai, saura ɗigo ɗaya."

"Daga hayin rafi ba a jin injin niƙa."

"Wataƙila wani ya sayi sabo ya kai can."

"Ya niƙa wa wa? Birai?"

Ina tsaye da jakata a kafaɗa. Zan iya shigewa banɗaki in daɗe. Na ajiye jakar na ce, "Baba, ni ce. Na gyara jerin."

Ya juyo da baƙin gilashinsa wajena. "Kin gyara."

"E."

"Kawo in gani."

Na kawo kwamfutar na ɗora masa a cinya, ko da yake na san ba abin da zai gani sai haske. Na bayyana masa komai, yadda na rage tafiya, yadda na rage kwana. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Ina rafin?"

"Ga shi nan. Yashi ne kawai."

"Wane wata aka ɗauki hoton?"

Ban sani ba. Ban ma yi tunanin hoto yana da wata ba.

Ya ce ruwan farko ƙasa ke shanyewa, na biyu yashin rafi ke shanyewa, na uku kuwa rafin ke tashi da shi. Da ya tashi, maza talatin ba sa haye shi da garmuna da tukwane sai bayan makonni, kuma kafin nan fadamar matar ta zama taɓo, garma ba ta ɗaga ta. Gwaza take shukawa a can da 'yar shinkafa, su take ci da jikokinta har shekara ta zagayo. Idan ba a yi mata kunyoyi kafin ruwa na uku ba, bana ba ta da gona. Ya ce gonaki biyun nan masu nisa da juna kuwa, ɗaya ta mai hali ce, ɗaya ta wanda ba shi da abin dafa wa mutum talatin. Tuwon na farko ne ke riƙe mutane har gonar na biyu, ba tare da kowa ya faɗa ba.

Ya sa aka kira Baba Ƙarami. Ya tambaye shi ruwa nawa aka yi. Ya ce na biyu ya sauka jiya, kuma yanzu haka gabas ta fara haɗa baƙi.

"Kai da ka karanta takardar, ba ka ga gonar hayi a ƙarshe ba?"

"Na gani, Yaya. Kowa ya yi mamaki. Muka ce kana da dalili."

"Ita fa, me ta ce?"

"Ta ce Allah ya kai mu."

Baba ya cire gilashin ya riƙe, Yaya ta ce ya mayar, ya mayar. Rashin tambayar da suka yi ya fi kuskurena yi masa ciwo, na gani a bakinsa.

"Shekara nawa nake faɗa muku," ya ce, "ko Fada ne ya tsallake layi a kan bagade, a hankali ake tuna masa. Gobe ta wa ce?"

Gobe ta tsohon soja ce, wanda kowa ke kira Kofur. Shi ne ya nemi sarautar mai unguwa tare da Baba bai samu ba. Tun daga nan suna gaisawa, suna zama benci ɗaya a coci, amma ba wanda ya taɓa roƙon wani ko gishiri. Gonarsa babba ce, a bakin gari take, shi ya sa na sa ta ta biyu. Baba Ƙarami ya ce matar Kofur ta ɗora tukwanen burkutu tun jiya, an niƙa dawa, an ɗaure akuya. Matar maƙeri kuwa ba ta tanadi komai ba, don ta san ranarta da sauran mako biyu.

Baba ya ce wa ƙanensa ya ɗauki wayar ya tafi gidan Kofur, ya kira ta bidiyo idan ya isa. Sannan ya ce wa Yaya ta ɗauko masa rigarsa ta Lahadi da hula da takalmi.

"Baba, waya ce fa. Ba a ganin takalmi."

"Ni na san da su."

A gida, idan Baba zai roƙi wani abu, ba ya aikawa, ba ya kira a zo. Da ƙafarsa yake zuwa ƙofar mutum, ya cire hula, ya tsaya, kuma ba ya zama sai an amsa masa. Haka ya yi a tsakiyar falon Yaya, na'urar sanyi tana hura masa ƙeya. Ya miƙo mini wayar in riƙe, ya ce ni zan fara magana.

"Ba don in tozarta ki ba. Idan na ce ni ne na yi, ƙarya ce. Idan na ce ke ce, ke kuma ba a gan ki ba, zai ce na laɓe bayan yarinya."

Yaya ta dubi agogo. Motar asibiti ta kusa zuwa, amma ta zauna a hannun kujera da takalmi ɗaya a ƙafa.

Wayar ta yi ƙara. Sabis a gidan Kofur sai a gindin rumbu, don haka a nan ya bayyana, da singileti, hayaƙi na tashi a bayansa.

"A'a! Katikis! An ce ka tafi ƙasar Larabawa magani, ashe fim ka je yi. Wannan gilashi haka?"

"Kofur, ina wuni. Ya iyali? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya idon? Yanzu kana ganin mutane, ko har yanzu sai waɗanda suka zaɓe ka?"

"Da sauƙi. Ga 'yarka tana da magana."

Na juyo da wayar. Na gaishe shi, na ce jerin da aka karanta a coci ba na Baba ba ne, ni na sauya shi ban gaya masa ba, na duba taswira na ga rafin a bushe. Na faɗe shi a jere kamar ina karanta amsar jarrabawa.

Kofur ya yi dariya har hoton ya karkace muka ga sama.

"Wato injin naku ne ya ce rafinmu ya mutu? Kai! 'Yar boko, a jami'ar taku ba a koya muku cewa ruwa gangarawa yake yi?"

"Ba a kai nan ba tukuna, Baba Kofur."

Ban san daga ina amsar ta fito ba. Ya ƙara dariya, Yaya ma ta toshe baki. Sannan ya share ido ya ce in mayar masa da ubana.

"To, Katikis. Ba don ka ba ni dariya ka sa rigar Lahadi ranar Litinin ba. Me kake so?"

Baba ya cire hula.

"Ranarka nake so. A haye rafi gobe. Da tuwonka, da burkutunka, da akuyar."

"Ka ji mutum! Ko a bariki ba a taɓa yi mini ƙwace irin wannan ba. Har akuyar?"

"Ba ta da abin da za ta ba mutane. Burkutun kuma idan ya kwana biyu ya yi tsami, kai ma ka sani."

"Ni kuma gonata in yi mata huɗa da cokali?"

"Ka ɗauki ranata. Alhamis. Uwar yaran nan za ta dafa, daga rumbuna."

"Kai fa?"

"In koma ƙarshe."

Kofur ya daina dariya. Shi ma manomin citta ne, ya san abin da mako biyu ke yi mata.

"Citta ba ta son makara, Katikis."

"Na sani."

Muna jin wuta tana cin itace a can, a nan kuma mota tana hon a ƙasa. Sai muryar matar Kofur ta taso daga wajen tukwane.

"Ka amsa masa mana! Mutum yana tsaye ba hula, ga ciwon ido!"

"Ke, bar ni in ji daɗinsa tukuna. Shekara nawa ina jiran ranar nan."

Ya bar Baba a tsaye har na ƙirga numfashina goma. Baba bai motsa ba.

"Sa hularka," Kofur ya ce. "Amma ka ji sharaɗina. Gobe ni zan shiga gaba. Ni zan tsaga kunyar farko, ba ƙanenka ba."

Kunyar farko ta shugaban gayya ce. Shekara da shekaru Baba ke tsaga ta, kowa ya bi layinsa.

"Taka ce," Baba ya ce. "Ka fara daga gefen tsamiya, can ruwa ke fara kwanciya."

"Kar ka koya mini noma daga cikin firji."

Wayar ta yanke. Baba ya sa hula ya zauna. Yaya ta ce khalas, wato shi ke nan, ta zura ɗaya takalmin ta fita da gudu. Na tsaya ina jiran faɗa. Ya ce in kawo masa ruwan sha, kuma in sake tura wa Baba Ƙarami jerin farko yadda ya faɗe shi, in cire waɗanda aka yi, in sa gonarmu a ƙasa. Na yi. Kafin in tura na karanta masa da ƙarfi, layi layi, yana cewa e.

Washegari ina da darasi tun safe. Na zauna a layin baya, abin da ban saba ba, wayar tana kan cinyata. Baba Ƙarami ya turo hoto da hantsi: maza sun jeru a cikin rafi da garmuna a kafaɗa, ruwa iya idon sawu, mata a baya da tukwane a ka, wani yana jan akuya tana turjewa. Kofur ne a gaba da tsohuwar hular sojansa. Da azahar wani hoton ya zo, rabin fadamar ta tashi baƙa ƙirin, kunyoyi a miƙe, matar maƙeri tana bin bayansu da kwando tana binne irin gwaza. Daga nan shiru.

Na koma gida na tarar Baba a bakin taga da carbinsa. Sararin Doha fes yake, ko gajimare babu. Na dafa shinkafa, ta yi ruwa, ya ci haka nan.

Rana ta kusa faɗuwa a nan lokacin da kiran ya shigo. Baba Ƙarami yana haki, haƙoransa na kaɗawa. Ya ce ruwa ya tsuge suna kan kunyoyi uku na ƙarshe, Kofur ya rantse ba wanda zai ajiye garma, suka ƙarasa a cikinsa. Da suka zo dawowa rafin ya kai ƙugu. Sun ɗaura igiya a jikin bishiya, suka haye ɗaya bayan ɗaya da garmuna a ka. Tukunya ɗaya ta tafi, ta matar Kofur, kuma ta ce a gaya wa Katikis ta yumɓu ce mai kyau.

"Kowa ya haye?"

"Kowa ya haye, Yaya."

"An gode Allah," Baba ya ce, ya yi alamar gicciye.

Da gari ya waye rafin ya cika har bakin gaɓa, kuma bai sauka ba sai bayan Baba ya koma gida. Ranar Alhamis Mama ta dafa wa gayyar Kofur, ta bugo waya tana mita cewa mutumin ya ce miyarta ba gishiri bayan ya ci malmala huɗu. Cittarmu ta shiga ƙasa a makare, kuma ba ta yi kamar ta sauran shekaru ba. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Matar maƙeri ba ta da waya. Mako biyu bayan gayyarta wani mai kamun kifi ya haye da gora ya dawo wa Baba Ƙarami da saƙonta, shi kuma ya faɗa mana. Ta ce gwaza ya tsiro duka, shinkafa ma ta fito. Ta ce a gaishe da Katikis da ido. Ta ce kuma a gaya wa yarinyar nan ta riƙa cin abinci, don ta ji an ce karatu ya ramar da ita.